Wa ke jin mai bes a kiɗan metal?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, jiya kuma aka sake fama mini mikin. Na sa wa wani abokina "For Whom the Bell Tolls" ta Metallica, wadda ke kundinsu na 1984. Kun san bayan ƙararrawar farko akwai wani sauti mai kama da kuka da yake gangarowa daga sama. Yana jin sa ya ce, "Kai, mai jitar nan ya iya hannunsa." Na ce masa ba jita ba ce, bes ne, wato ɗan'uwan jita mai kaurin murya, kuma mai bes ɗinsu Cliff Burton ne. Ya ƙi yarda. Sai da na nemo masa bidiyon wasan da suka yi a Oakland a 1985, ya ga mutumin da idonsa, gashi ya rufe masa fuska, yatsunsa na can ƙarshen wuyan bes, ƙafarsa a kan fedar da ke murɗa sauti, sannan ya yi shiru.

Abin da ke damuna ke nan. Idan mai bes ya yi abin burgewa, sai a ba mai jita yabon. Idan kuma ya tsaya ya riƙe gindin waƙa kamar yadda aikinsa ya tanada, sai a ce ai ba a ma jin sa. Shekara tara ina kaɗa bes, kuma har yau in na ce metal nake kaɗawa, tambayar farko ita ce wai dama akwai bes a ciki? Ina so in ji ra'ayinku.

Abba: Wa alaikumus salam Nura. Zan faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi maka daɗi ba. Cliff Burton ɗaya ne a cikin dubu. Yawancin masu bes na metal abin da mai jita ya kaɗa shi suke bi sawu da ƙafa, ba ƙari ba ragi. Mutumin da ya mai da kansa inuwa, ta yaya zai yi fushi don ba a gaishe shi ba? Ka saurari fank ko jaz ko rege, a can mai bes yana da maganar kansa, shi ya sa ake sanin sa. A metal jita ce sarauniya, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Hauwa'u: Ni sabuwa ce a wannan kiɗan, bara na fara saurare. Wallahi ban taɓa iya raba bes da jita ba, duk ƙara ɗaya nake ji. Ko kunnena ne?

Kabiru: Ƙanwata, kafin ki zargi kunnenki, da me kike saurare?

Hauwa'u: Da lasifikar waya, Yaya Kabiru. Wani lokaci ta kwamfuta.

Kabiru: To ga rabin matsalar nan. Aikina haɗa sauti ne, bari in yi bayani dalla-dalla, don amsar Abba ma tana ciki.

Tsirkiyar da ta fi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza wajen sau 41 a daƙiƙa, abin da muke rubutawa 41 Hz. Wadda ta fi kauri a jita tana yin wajen 82, ninki biyu ke nan. Idan bes mai tsirkiya biyar ne, ta biyar ɗin tana sauka har wajen 31. 'Yar lasifikar da ke cikin waya ba ta da girman da za ta tura iskar da irin wannan sauti yake bukata. Saboda haka, Hauwa'u, abin da kike nema bai ma fito daga wayar ba, balle ya iso kunnenki. Ga kuma wani abu: kunnen ɗan Adam shi kansa ba ya kama sautin ƙasa sosai idan an rage murya. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna wannan. Kina rage ƙara, bes ne yake fara ɓacewa.

Yanzu Abba. Ka ce mai bes inuwa ne. Ina ma in zaunar da kai gaban na'urata in nuna maka abin da nake nuna wa masu jita idan sun fara cewa a ƙara musu nauyi. Ina kashe layin bes ɗin kawai, ba na taɓa komai. Nan take jitar da suke taƙama da ita sai ta koma siririya, kamar kudan zuma a cikin gwangwani. In mayar da bes, katangar ta dawo. Dalili kuwa, mu masu haɗa sauti da gangan muke yanke ƙasan jita, abin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz, don in an bar shi sai ya cakuɗe da gangar ƙafa komai ya zama laka. Wannan nauyin da kake ji a ƙirjinka kana cewa jita ce, mafi yawansa bes ne da gangar ƙafa. Bin jita sawu da ƙafa da ka raina shi ne yake sa kunne ya ɗauke su abu guda. In mai bes ya yi saurin ƙiftawar ido ko ya makara, nan za ka ji shi, amma a matsayin kuskure.

Abba: Na ji, Yaya Kabiru, kuma ban musa lissafinka ba. Amma abin da ka bayyana amfani ne. Tubali ma yana da amfani a gini. Nura yabo yake nema, yabo kuma na wanda ya ƙirƙiri wani abu ne.

Malam Sabo: Yara, ku ba ni wuri in sa baki. Na fara jin wannan kiɗa tun zamanin kaset, lokacin da in kana son maimaita wuri sai ka juya da biro. Abba, ka ce yabo na wanda ya ƙirƙira ne. To mu koma inda abin ya faro.

Black Sabbath, mutum huɗu daga Birmingham ta Ingila, kundinsu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970. Jita ɗaya ce tak a ƙungiyar, ta Tony Iommi. Ka tambayi kanka, idan Iommi ya bar rif, wato takun jitar da ake ta maimaitawa, ya hau sama yana solo, wa ya rage a ƙasa? Geezer Butler da mai ganga Bill Ward. Je ka saurari "War Pigs", ka bar kunnenka a ƙasa lokacin solo. Butler ba ya tsayawa wuri guda, yawo yake yi, yana hawa yana sauka, yana lanƙwasa tsirkiya, kamar mutum biyu na magana lokaci ɗaya kuma kowa na jin ɗan'uwansa. Shi da can jita yake kaɗawa, ganin Jack Bruce na ƙungiyar Cream ne ya nuna masa abin da bes zai iya. A kundin farkon nan, kafin "N.I.B." ta fara, bes ne shi kaɗai yake buɗe fage, da fedar murɗa sauti, shekara goma sha uku kafin Burton ya yi nasa a kundin Metallica na farko.

Sannan abin da mutane da yawa ba su sani ba: yawancin baitocin da Ozzy ya rera a Sabbath, Butler ne ya rubuta su. Duhun nan da tsoron yaƙi da ake cewa su ne ruhin metal, daga alƙalamin mai bes suka fito. Da Iommi ya sassauta tsirkiyoyinsa a kundin Master of Reality na 1971, saboda kan yatsunsa biyu da inji ya datse a masana'anta, Butler ma ya sassauta nasa suka sauka tare. Wannan saukar da suka yi ita ce uwar duk wani metal mai jan jiki da nauyi da ya biyo baya.

Abba: Allah ya ƙara lafiya, Malam. A kan Butler na sallama, ban da ta cewa.

Malam Sabo: Ban gama ba, ɗana. Iron Maiden fa? Steve Harris ne ya kafa ta a gabashin Landan a ƙarshen 1975, shi ne shugaba, shi ya rubuta mafi yawan waƙoƙin. Sukuwar dokin nan da ka ji a "The Trooper" da "Run to the Hills", da yatsu biyu yake yin ta, ba da robar kaɗawa ba. Tsirkiyoyinsa masu santsi ne, irin waɗanda masu jaz suka fi so, amma yana sa su kusa da wuyan bes yana dukansu da ƙarfi har suna bugun ƙarafan da ke jere a kan wuyan, sai ka ji ƙwas-ƙwas a saman sautin. Wannan ƙarar ce take ratsa jita biyu, daga baya ma uku. A Maiden jitoci ne suke bin bes.

Zainab: Harris da Butler da Burton ai kowa ya san su, duk jerin gwanaye da aka yi suna ciki. In ana maganar waɗanda aka danne, ni Jason Newsted ne yake fara zuwa mini. Ku saurari kundin Metallica ...And Justice for All na 1988. Sama da awa guda, kuma bes kusan babu shi. Yaro ya baro ƙungiyarsa Flotsam and Jetsam inda shi ne ginshiƙi, ya shigo wurin mamaci 'yan makonni bayan motar su Metallica ta kife a Suwidin ranar 27 ga Satumba 1986 Burton ya rasu yana da shekara 24. Ya yi aikinsa, aka zo haɗawa aka shafe shi. Duk lokacin da na sa kundin nan sai raina ya ɓaci, ga waƙoƙi masu kyau amma a bushe ƙamas.

Abba: To ai wannan hujjata ce, Zainab. Newsted da kansa ya yarda cewa a kundin nan jitar Hetfield ya bi kusan ko'ina, da robar kaɗawa kuma. Sautinsa ya faɗa daidai inda jitar take, sai ta haɗiye shi. Kuma kundin ya sayu miliyoyi ba tare da an ji bes ba. Me wannan ya nuna?

Zainab: Ya nuna waƙoƙin suna da ƙarfi, bai nuna an kyauta ba. Steve Thompson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka haɗa sautin, ya fito ya faɗa a hira cewa mai gangarsu Lars Ulrich ne ya sa shi ya rage bes har ya kusa ɓacewa, sannan ya ce a ƙara ragewa. Ba haɗiyewa ba ce, hannu ne aka sa aka ja maɓalli ƙasa. Su kuma 'yan ƙungiyar sun ce kunnuwansu ne suka gaji da yawon wasa a lokacin. Ko wanne ne gaskiya, ga abin da zai raba gardama: ƙaramin faifan da suka fitar a 1987, Garage Days, Newsted ɗin ne, robar ce, salon ne, kuma bes yana nan raɗau, har shi yake buɗe wata waƙar. Sannan a 1991 da Bob Rock ya karɓi aikin, bes ya dawo, "My Friend of Misery" da shi take farawa. Mutum ɗaya, kafin da bayan ana jin sa, a tsakiya ne kawai ya ɓace.

Kabiru: Duka ku biyun kuna da gaskiya, kuma wannan ne ya sa kundin ya zama darasi a wurinmu. Jitar Hetfield a lokacin an kwashe mata tsakiya, an cika ta da ƙasa da sama. Ta riga ta zauna a kujerar bes. Mai haɗa sauti yana da zaɓi biyu: ya rage ƙasan jita ya ba bes wuri, ko ya kori bes. Suka zaɓi na biyu. Masoya sun yi ta fitar da nasu gyaran a intanet suna ɗaga bes ɗin, wasu ma sun wuce gona da iri har ya danne komai. Da aka sake fitar da kundin a 2018 an goge sautin ne kawai, ba a sake haɗa shi ba.

Nura: Maganar nan ta taɓa ni, don irin ta ta faru da ni, ko da yake a ƙaramin mataki. Shekara huɗu da suka wuce ni da abokaina muka shiga situdiyo muka ɗauki waƙa uku. Akwai guda da na yi sati biyu ina gina mata layi. A wurin amshi jita tana riƙe sauti ɗaya dogo, ni kuma ina sauka taki huɗu a ƙarƙashinta, kowane taki yana canza launin abin da jitar take riƙe, daga haske zuwa duhu. Na yi ta maimaitawa har fatar yatsana na tsakiya ta tashi ta fashe, na naɗe da filasta na ci gaba. Ranar da aka turo mana aikin na sa abin kunne, na jira amshi ya zo. Ya zo ya wuce. Wani ɗan gurnani kawai nake ji can nesa. Na kira mai haɗa sautin, ya ce mini ai metal ne, haka ake yi, bes ji ake a jiki ba a kunne ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, abokan nawa ba wanda ya lura an cire wani abu.

Hauwa'u: Kai, sannu Yaya Nura. Wannan da ciwo.

Malam Sabo: Sannu Nura. Kai an rage maka murya, akwai wanda aka goge shi ɗungurungum. Bob Daisley, mutumin Ostireliya, shi ya kaɗa bes a kundi biyu na farko na Ozzy bayan Ozzy ɗin ya bar Sabbath, Blizzard of Ozz na 1980 da Diary of a Madman na 1981, kuma shi ya rubuta mafi yawan baitocin. Ana yabon mai jita Randy Rhoads a kan kundin nan, kuma ya cancanta, amma ku saurari yadda bes yake tafiya a ƙarƙashin "Crazy Train", ko yadda yake buɗe "Believer". Da kundi na biyu ya fito, an riga an sallami Daisley da mai ganga Lee Kerslake, sai aka sa hoto da sunan Rudy Sarzo da Tommy Aldridge a jikin faifan, alhali ba su suka kaɗa ba. Rigimar kuɗin haƙƙi ta kai kotu. A 2002 aka sake fitar da kundin biyu bayan an cire bes da gangar asali, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake kaɗawa. Sai a 2011 aka mayar da na asalin. Ku yi tunani, wa zai yi gangancin cire jitar Rhoads ya sa ta wani? Ba wanda zai ko fara. Amma bes an ɗauka ba mai ganewa. Masoya kuwa suka gane, suka yi ta ƙorafi.

Abba: Wannan zalunci ne, ba ni da ja. Amma ku lura, duk waɗanda kuke kawowa masu rubuta waƙa ne ko masu salo na daban. Ni maganata a kan gama-garin ne. Ɗauki Ian Hill na Judas Priest. Shekara hamsin yana tsaye a bayan dandamali wuri guda yana kaɗa sauti ɗaya-ɗaya. Me za a yaba?

Nura: A nan ne muka rabu da kai gaba ɗaya, Abba, kuma a matsayin mai kaɗawa nake faɗa. Ka ɗauki bes ka gwada riƙe sauti ɗaya sau takwas a kowane zagaye, minti shida, da saurin waƙarsu "Painkiller", kowane bugu da nauyi ɗaya da na gabansa, kowanne ya sauka daidai kan gangar ƙafa. Hannunka zai ƙage kafin ka kai rabi. A lokacin Priest jita biyu gare su, Tipton da Downing, kullum suna musayar solo, ga muryar Halford a can sama. In Hill ma ya ce zai yi yawo, wa zai riƙe gidan? Ya san abin da waƙar take so ya ba ta. Kuma ba rashin iyawa ba ne, saurari farkon "The Rage" a British Steel na 1980, shi ya buɗe ta da wani taku mai kama da rege. Tun 1970 yake ƙungiyar, mawaƙi ya fita ya dawo, masu ganga sun zo sun tafi, shi bai taɓa motsawa ba. Halford ɗin ma ta hanyarsa ya shigo, don 'yar'uwar Halford yake nema a lokacin. Haƙurin da mutum zai yi ya iya abu ya ƙi nunawa saboda waƙa, ni a wurina gwaninta ce babba.

Abba: Wahalar kaɗawa na yarda da ita. Amma wahala daban, daɗin ji daban. Ba na jin akwai wanda ya taɓa sayen kundin Priest don Hill.

Nura: Ba wanda ya saya don shi, amma da babu shi da ba su ji daɗin abin da suka saya ba.

Sadiq: Ku bar ni in shigo da ɓangaren da ba a taɓa ba. Duk kuna can shekarun 70 da 80. A death metal ne aka fi binne bes, kuma a can ne gwanayen suka fi yawa. Steve Di Giorgio a kundin Death na 1993, Individual Thought Patterns, bes marar ƙarafa a wuya ya kaɗa. Irin wannan bes ba shi da alamar da za ta tsayar maka da sauti, yatsanka ya kauce kaɗan ka fita daga layi, ga kuma gudu kamar ana kora. Sautinsa yana zamewa yana miƙa kamar murya, a ƙarshen "The Philosopher" har musayar solo yake da jita. A shekarar nan dai Sean Malone ya yi irin nasa a Focus na Cynic, Allah ya yi masa rasuwa a 2020. Ga Alex Webster na Cannibal Corpse da yake kaɗawa da yatsu uku don ya kamo gudun jita ba tare da roba ba. A "Hammer Smashed Face" ta 1992, kusa da farko kowa yana tsayawa a bar shi shi kaɗai na 'yan daƙiƙu. Waɗannan 'yan daƙiƙun sun sa yara da yawa sun ɗauki bes.

Zainab: Ka manta Jo Bench ta Bolt Thrower, Sadiq. Ta shiga a 1987, ta zauna har ƙungiyar ta tsaya a 2016, lokacin da mace a irin wannan kiɗa sai an tona. Ana cewa kiɗansu kamar tankar yaƙi ce ke tafiya. To injin tankar ita ce. A kundinsu na ƙarshe, Those Once Loyal na 2005, an ba ta wuri sosai, za ki ji ta, Hauwa'u, ko da ƙaramin abin kunne.

Hauwa'u: Na rubuta duka. Amma Yaya Kabiru, tambaya: in waya ba ta iya fitar da bes, me ya sa nake jin farkon "Ace of Spades" ta Motörhead sarai a wayata? Zainab ta taɓa gaya mini bes ne.

Kabiru: Tambaya mai kyau. Tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. In ta yi 41, tana kuma fitar da 'ya'yansa a sama, 82, 123, 164, haka har sama. Idan aka tura bes cikin amfilifaya har ya ƙazance, 'ya'yan nan ne suke ƙaruwa, su kuma waya tana iya fitar da na samansu. Ƙwaƙwalwarki sai ta ji 'ya'yan ta cike uban da kanta. Lemmy na Motörhead ya kai wannan ƙarshe: bes ƙirar Rickenbacker a cikin amfilifaya ƙirar Marshall, ya rage ƙasa ya ɗaga tsakiya, yana dukan tsirkiya biyu ko uku lokaci guda. Shi ya sa a yau da yawanmu muke raba bes gida biyu in muna haɗawa, ɗaya mai tsabta yana riƙe ƙasa, ɗaya ƙazantacce yana cizo a tsakiya. Da wanda ya haɗa wa Nura ya yi haka, da takun nan huɗu sun fito ba tare da sun taɓa jita ba.

Abba: Lemmy kuma ai mai jita ne da ya riƙe bes. Bai taɓa kaɗa bes ba kafin ya shiga Hawkwind a 1971. Kun ga ke nan, sai da ya mai da bes jita aka san shi.

Malam Sabo: An san shi don shi ne a gaban makirfo, Abba. Tom Araya na Slayer ma an san shi, amma a matsayin mai rera waƙa, ba a cika tuna akwai bes rataye a wuyansa ba. Ido yana bin mai murya da mai solo, haka kyamara ma. Ka lura da bidiyon wasa, sau nawa ake nuna hannun mai bes?

Sadiq: Abin da ni yake ba ni tsoro shi ne inda aka nufa yanzu. Jita mai tsirkiya takwas ta sauka har wajen 46 Hz, tazararta da bes 'yar kaɗan ce. Meshuggah suka buɗe wannan ƙofa, kowa ya bi. Animals as Leaders ma ba su da mai bes sam. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa yanzu da kwamfuta suke zana bes, ya fito daidai ba kuskure ba numfashi. In an ci gaba haka, yaro mai tasowa me zai sa ya ɗauki bes?

Zainab: Akwai masu tafiya ta ɗaya hannun kuma. Bell Witch na Seattle mutum biyu ne, bes da ganga, babu jita. Mirror Reaper da suka fitar a 2017 waƙa ɗaya ce mai minti 83, kuma Dylan Desmond da bes kaɗai yake yin gindin da kukan saman lokaci guda, hannu biyu a kan wuya. Necromantia na Girka tun shekarun 90 suka ajiye jitar rif suka sa bes mai tsirkiya takwas a wurinta. Ba su da yawa, amma suna nan.

Hauwa'u: Na dawo. Na ari babban abin kunne na yayana na sa "War Pigs" kamar yadda Baba Sabo ya ce. Sau uku na maimaita wurin solo. Na farko jita ta ja ni. Na biyu na rufe ido na ce ba zan bi ta ba, sai ga wani abu yana ta kai da komo a ƙasa, mai kauri, kamar yana gardama da jitar. Na uku ban ma ji solo ɗin ba, shi kaɗai nake bi. Waƙar nan na ji ta ya fi sau hamsin, ashe rabinta nake ji. Baba, me zan sa na gaba?

Malam Sabo: Madalla da 'yata. Sa "Orion" ta Metallica, ta 1986. In kin kai tsakiya inda komai ya lafa, bes ne yake fara sabon zancen shi kaɗai, jitoci su zo su hau kansa. Can gaba kuma akwai solo da za ki rantse jita ce. Ba ita ba ce. Bayan nan ki nemi Pantera, su ma jita ɗaya ce, ki ji abin da mai bes Rex Brown yake yi a ƙarƙashin jitar Dimebag.

Kabiru: Nura, waƙar nan taka, an ba ku layukan a rarrabe ko haɗaɗɗen kawai aka turo?

Nura: An ba mu a rarrabe, suna cikin wani tsohon hadis ɗina in bai mutu ba. Tun ranar ban sake buɗe su ba.

Kabiru: Nemo shi ka turo mini ta akwatin sirri, bes da jita da gangar ƙafa kowanne daban, kada ka taɓa musu komai. Ka ba ni zuwa ƙarshen mako.

Abba: In an gama a sa mana nan, Yaya Kabiru, tsohon da sabon gefe da gefe. Har yanzu ina kan bakana game da Ian Hill, amma takun nan huɗu na Nura ina so in ji su da kunnena.